Gishiri a Kwamin Tsutsa

Har yau Kuku ake kiran sa, ko da yake rabonsa da tukunyar aiki shekara shida ke nan. Shekara ashirin da biyu ya yi yana dafa wa ma'aikatan masaƙa abincin rana, baki ɗari uku a kullum, kuma ba a taɓa dawo masa da faranti an ce gishiri ya yi yawa ko ya yi kaɗan ba. Ba ya aunawa. Hannu yake zurawa cikin buhu ya damƙo, ya watsa, ya juya, ya ɗiga a tafin hannu ya lasa. Shi ke nan. Ba mutum ne mai surutu ba. In ka yaba masa girki, sai ya ƙara maka ludayi ɗaya, amsarsa ke nan.

Doka ɗaya gare shi a kicin: abin da ya kwana ba ya hawa faranti. A wurin yunwa ya koyo ta. Su bakwai uwarsu ta haifa, shi ne babba, ya kuma san ɗanɗanon abincin da ya fara tsami aka ɗumama, aka ce a ci a gode. Ranar da aka damƙa masa tukunya tasa ta kansa, ya ɗaukar wa ransa alkawari babu bakin da zai ci ruɓaɓɓe daga hannunsa. Bai karya ba har ranar da masaƙar ta rufe kicin, aka ce kowa ya riƙa zuwa da abincinsa daga gida. Ya naɗe wuƙarsa da ludayinsa cikin farar rigar girki, ya koma gida.

Wata takwas ya yi a kan kujerar ƙofar ɗaki. Matarsa ta gaji da share ƙarƙashin ƙafafunsa, wata safiya ta ce, "Maigida, kujerar nan ta fara kama da kai. In baƙo ya shigo ban san wanda zai gaisar ba."

A makon ne Auta ta zo. Ita ce ƙaramar ƙanwarsa, shi ya yi ta goyon ta a baya lokacin da uwarsu ke fita aiki. Yanzu tana da lambun dashe nata.

"Yaya, akwai aiki," ta ce. "Na ciyarwa ne. Bakunan sun fi na masaƙa yawa, kuma ba sa ƙorafi."

Washegari ya tafi da tunanin kaji ne ko awaki. Lambun yana bakin babban titi a ƙarshen gari, dashen mangwaro da gwaiba da furanni jere cikin baƙaƙen ledoji. Auta ta wuce da shi bayan ɗan ofishinta, zuwa wata rumfar kwano mai duhu-duhu. A ciki an gina kwami huɗu na siminti, kowanne ya kai tsawon mutum biyu, an lulluɓe su da jiƙaƙƙun buhuna. Ta ɗage buhu ɗaya. Ƙasar da ke ciki ta motsa.

"Sunanta tana, Yaya, tsutsar nan ja ta cikin ƙasa. Su ci shara, su yi kashi, kashin nasu shi ne takin da ke riƙe da lambun nan gaba ɗaya. Har sayarwa muke yi."

Kuku ya daɗe yana kallon ƙanwarsa. Da wani ne ya kawo shi nan, da ya juya ba sallama. Amma wata takwas a kujera ya koya masa cewa mai neman aiki ba ya zaɓen bakin da zai ciyar.

Wanda ya nuna masa aikin shi ne Baba mai ruwa. Tsoho ne siriri, wandonsa kullum a naɗe zuwa gwiwa. Shekara tara yana ban ruwa a lambun, kuma shi ya kawo tsutsotsin farko cikin gwangwanin madara. Duk abin da ke cikin kwami huɗun nan jikokin gwangwanin ne.

"Miƙo hannu," in ji Baba. Ya ɗora masa guda ɗaya a tafin hannu, sanyi kamar yankan hanta. "Duba da kyau. Ina idonta?"

"Ban gani ba."

"Babu. Amma haska mata rana ka ga gudu. Ina haƙorinta?"

"Shi ma ban gani ba."

"Babu, kamar ni." Baba ya wage baki ya nuna dasashi. "Shi ya sa muke shiri da ita. Ba ta iya gatsa, sai abin da ya yi laushi ya fara narkewa take zuƙa. Ƙundu gare ta irin na kaza, da 'yar ƙasa-ƙasa da dakakken ɓawon ƙwai take niƙa abinci a ciki. Huhu kuma babu. Da fatar jikinta take numfashi, kuma sai fatar tana da laima. Ta bushe, ta mutu. Ruwa ya kwanta ya toshe iska, ta mutu. Aikina yana tsakanin waɗannan biyun: ƙasar ta zama kamar soson da aka matse."

"Wannan ɗamarar da ke kusa da wuyanta fa?"

"Ita ke yin kwanson ƙwai. Kowace ɗaya da ka gani namiji ce, mace ce, amma duk da haka sai ta nemi 'yar'uwarta kafin a haihu. Ka ga ko tsutsa ba ta yarda da gwauranci ba."

Daga nan ya lissafa masa abincinsu: ɓawon ayaba, ganyen kabeji da ya yanƙwane, ganyen shayin da aka gama da shi, jiƙaƙƙen kwali, tsohon kashin shanu da ya huce. Ya ɗaga yatsu uku. "Waɗannan kada su shigo rumfar nan: gishiri, mai, nama. Albasa da barkono da ɓawon lemo ma ka rage. Amma gishiri shi ne babba, tsotse ruwan jikinta yake yi."

Kuku ya ce to. Ya ji da kunnensa, ba zai taɓa cewa bai ji ba. Wannan shi ne abin da ya fi ci masa rai daga baya.

Aikin ba wuya. Da safe ya tura baro zuwa kasuwar kayan miya ya kwaso abin da masu ganye suka zubar. Ya zauna ya yayyanka da tsohuwar wuƙarsa, ƙanana-ƙanana kamar za a yi wa manaja miya. Baba ya yaba wannan, ya ce tun da aka kafa rumfar tsutsotsin ba su taɓa samun mai yanka irinsa ba. Bayan yanka sai a zuba cikin duro a rufe, a bar shi mako guda ya yi laushi, sannan a ɗiba a shimfiɗa siriri a ƙarƙashin buhu.

Duron nan shi ne azabar Kuku. Duk ranar da ya buɗe murfin warin ya bugi hancinsa, sai ya tuna tukunyar uwarsu. Da ludayinsa na masaƙa yake ɗiba, kuma kowane ludayi ji yake kamar yana zuba wa baƙo abin da shi ba zai ba kare ba. A gida cewa yake a lambu yake aiki, bai ƙara komai a kai ba. Kafin ya ci abinci sau uku yake wanke hannu da sabulu, matarsa tana kallo.

A wata na huɗu da fara aikinsa wani mutum mai tsara lambunan sababbin gidaje ya zo ya nemi taki buhu arba'in kafin ruwan sama ya sauka. Auta ta amsa masa. Da ya tafi ta shigo rumfa tana murza hannu.

"Da ma a ce 'yan nan za su ƙara ci, su ƙara haihuwa," ta ce. "Baba, babu dabara?"

"Dabararsu haƙuri," in ji Baba. "Rabin nauyinta take ci a yini, in ta yi ƙoƙari. Ba a yi wa tsutsa ɗura."

Maganar Auta ta zauna wa Kuku a rai. Ya ɗage buhu ya dube su, sirara kamar zaren ɗinki. Ya ce a ransa, ina za su yi ƙiba, abinci ba mai, ba gishiri, ba ɗanɗano? Shekara ashirin da biyu yana ganin samari suna shigowa masaƙa ƙashin wuya a waje, wata uku a kan farantinsa su cika riga. Maganar Baba kuwa ya ɗauke ta kamar maganar likita, wanda zai hana ka komai don kada a ce bai yi aiki ba. Ɗan kaɗan ai ba ya kisa. Kuma can ƙasan zuciyarsa akwai wani abu da bai faɗa wa kansa ba: yana so Auta ta ga cewa ba don tausayi kaɗai ta ɗauki wanta ba.

A hanyar kasuwa akwai gidan abinci kusa da tashar mota. Mai shi mace ce da ta yi shekara goma tana wanke faranti a ƙarƙashinsa a masaƙa, har yau Mai faranti ake ce mata. Kullum yakan sunkuyar da kai ya wuce da baronsa ta ɗaya gefen titi. Ran nan ya tsallaka.

"A'a, Malam Kuku! Ashe kana duniya? Shigo ka ci abinci."

"Na ƙoshi." Idonsa yana kan bokitin da ake juye ragowar faranti: shinkafa, wake, miya ja da mai, ƙasusuwa. Duk girkin ranar ne, ko tsami bai fara ba. "Wannan me kike yi da shi?"

"Zubarwa. Kana so?"

"Awaki nake kiwo," ya ce, yana kallon ƙasa.

"Awakinka sun more. Gishirin ma hannunka ne, Malam Kuku, a wurinka na koya. Damƙa ɗaya, a watsa, a juya."

Ya ɓoye bokitin a ƙarƙashin ganyen kabeji. Da tsakar rana, lokacin da Baba ke can gaba yana shayar da dashe, Kuku ya yaye buhun kwami na uku, ya haƙa rami da ludayi a kusurwa, ya juye, ya binne, ya daidaita saman. Karon farko ke nan tun zuwansa da ya ji ya ba su abincin mutunci. Washegari ya haƙa a wata kusurwar. Kwana shida yana yi, kowace rana bokiti guda.

Safiyar kwana na bakwai, tun daga ƙofar rumfa ya ji warin. Ba warin duro ba ne, wani tsami ne mai ƙarni. Tsutsotsi sun haura bangon kwami na uku sun zubo ƙasa, dubbai, sun bushe a kan siminti kamar an watsar da tsintsiya. Ya ɗage buhu. Ƙasar ta zama caɓi, tana yauƙi, tana ɗumi. Waɗanda suka mutu a ciki sun narke, ruwansu ya haɗu da na abincin da ya binne.

Yana nan tsaye Auta ta shigo, Baba na biye da ita. Ta tsoma hannu, ta ɗago, ruwa na ɗiga ta tsakanin yatsunta.

"Baba, wannan ai tafki ne."

Baba ya durƙusa ya shinshina.

"Watan jiya ka bar famfo a buɗe, na yi shiru. Hannunka na rawa, na yi shiru. Yanzu kwami guda, ana saura mako uku in cika alkawarin mutane!"

Tsohon ya miƙe a hankali. Ya dubi Kuku sau ɗaya, kallo gajere, ba fushi a ciki, irin kallon da ake yi wa wanda ake jira ya wuce ƙofa a bi bayansa. Kuku ya mayar da idonsa kan ludayin da ke hannunsa. Kalma biyu ce kawai, ni ne, amma sai ya ji kamar an ɗora masa duron nan a kan harshe.

"Ka je gida ka huta, Baba," in ji Auta, muryarta ta sauka. "Zan neme ka."

Duk wanda ya taɓa aiki ya san abin da zan neme ka take nufi. An faɗa wa Kuku ita a masaƙa. Baba ya ce to. Ya rataye butar ban ruwa a ƙusarta, ya warware naɗin wandonsa, ya fita.

Auta ta juyo. "Yaya, cire buhunan ya sha iska, kada ka ba shi ruwa ko ɗigo. Gobe da safe mu kwashe abin da ya rage, da ƙasar da komai, mu raba wa sauran kwami ukun. Can ba su jiƙe ba, za su farfaɗo."

Ya yini shi kaɗai a rumfar yana share gawa. Zuwa la'asar saman kwamin ya fara bushewa, wani farin layi ya fito a jikin simintin, daidai inda laima ta tsaya. Ya shafa da yatsa, ya kai harshe, kamar yadda ya yi sau dubu a bakin tukunya. Ba ya buƙatar sakewa. Ya zauna a kan duro ya yi lissafin da ya iya: miya in ta ƙone ruwa, gishirinta ƙaruwa yake. Maganin da Auta ta bayar maganin ruwa ne, ciwon kuwa na gishiri ne. Kowace sa'a ta bushewa tana kashe waɗanda suka rage. Gobe kuma, in shebur ya shiga, gishirin zai tafi kwami na ɗaya, da na biyu, da na huɗu. Shirun da ya yi da safe ya ci aikin tsoho. In ya kai shi gobe, zai ci rumfar gaba ɗaya.

Ya isa gida rana ba ta faɗi ba. Matarsa ta ajiye masa abinci, ya kai loma ɗaya ya janye hannu.

"Ba ka wanke hannu sau uku ba yau," ta ce. "Lafiya?"

Ya gaya mata, a gutsure, yana kallon kwano. Ta saurara har ƙarshe, sannan ta ɗauke kwanon ta rufe.

"Tsohon nan, ba shi ne ka ce jikoki biyu yake riƙo ba?"

"Shi ne."

"To ni ba ni da abin faɗa maka, Maigida. Shekara ashirin da biyu ba ka ba kowa ruɓaɓɓe ba. Yau ka zuba wa tsoho, ya cinye a gabanka."

Da safe Auta ta zo da shebur da baro. Ta tarar da shi tsaye a gaban kwami na uku. Ya shirya magana a hanya, doguwa, mai farawa daga nesa, amma da ya ga fuskarta sai ta watse. Ya sunkuya, ya nutsa ludayi har ƙasa a kusurwar farko, ya ɗago ya miƙa mata. Dunƙulen shinkafa ne da ya yi baƙi, mai ja yana naso a gefensa, da ƙashin cinyar kaza a tsakiya. Ya haƙa kusurwa ta biyu, haka. Sannan ya kankaro farin layin nan a tafin hannunsa.

"Lasa."

Ta dube shi. Ta taɓa da ɗan yatsa ta kai baki. Ta jingina shebur ɗin da baro a hankali.

"Yaya."

"Ni ne. Kwana shida. Ragowar gidan abinci."

"Jiya kana tsaye na sallami Baba."

"Ina tsaye."

Da ta yi ihu da ya fi masa sauƙi. Amma ba ta iya yi wa bayan da ya goya ta ihu, sai ta juya ta dubi bango, tana goge yatsanta a jikin zane, tana ta gogewa. Kuku ya ji kunnuwansa na zafi kamar ya buɗe tanda. Shi babba, mai furfura a gemu, ga autar gidansu tana neman inda za ta sa idonta don kada ta ga kunyarsa.

"Ni ban san yadda ake ceton su ba," ta ce daga baya. "Shi ya sani."

"Zan je."

"Ba da saƙona za ka je ba, Yaya, da naka. Nawa ni zan kai da ƙafata."

Ya sami Baba a ƙofar ɗakinsa a gidan haya, yana ɗaure hannun wani tsohon bokiti da waya. Bai ɗago ba.

"Kuku. Ka yi sammako. Ko baƙin naka sun aiko a ƙara musu miya?"

Kuku ya tsaya kamar an dasa shi. "Ka sani?"

"Tun kwana na uku. Tururuwa ba ta bin ganyen kabeji a layi haka. Buhu kuma ruwa ba ya yi masa tabo ja. Na ɗora hannu na ji ɗumi, na ce maka, Kuku, kwami na uku yana zazzaɓi. Me ka ce mini?"

"Na ce zafin rana ne."

"Ka ce zafin rana ne."

"To jiya fa, Baba? Me ya hana ka faɗa?"

Sai a lokacin tsohon ya ɗago. "In ce wa mai lambu wanta ne, a gabansa? Da wane baki? Kai kana da naka, da haƙora ma." Ya ci gaba da murɗa waya. "Amma ni ma da nawa laifin. Na tsaya jiran ka gane da kanka, don kada in kunyata babban mutum. Da ran tsutsa na yi jiran. Su ba su san kunya ba, gishiri suka sani."

Kuku ya durƙusa a gabansa, gwiwa biyu, a tsakar gidan mutane, mata masu wanki suna kallo. Ya buɗe baki.

"Tashi, tashi," in ji Baba. "Gwiwarka ba ta ceton ko ɗaya. Rana ta fito sosai?"

"Ta fito."

"To ita muke so." Ya sunkuya ya fara naɗe wandonsa.

Suka shimfiɗa tamfol a fili, inda rana ta fi ƙarfi. Kuku ya yi ta kwaso ƙasar kwami na uku, Baba yana nuna masa ya tara ta tsibi-tsibi, ƙanana kamar hula. Tsutsa ba ta son haske, sai ta nutse. A jira kaɗan, a yaye saman da hannu, ta ƙara nutsewa, a sake yayewa. A ƙarshe a tarar da su a ƙasan tsibi sun dunƙule wuri ɗaya. Baba ya ɗauraye su cikin ruwa mai kyau, ya zuba su a sabuwar shimfiɗa ta jiƙaƙƙen kwali da tsohon kashin shanu. Kwamin da ya kamata ya ba da bokiti uku na tsutsa, rabin ƙaramin kwano ya bayar.

"Kada ka zubar da ƙasar tukuna," in ji Baba. Ya tsinto wani ɗan abu rawaya-rawaya, bai kai ƙwayar dawa ba. "Kwanson ƙwai ne. Fatarsa ta fi ta uwarsa tauri, wasu za su tsira. Idona ba ya ganin su yanzu. Kai da ka yi shekaru kana tsince tsakuwa a shinkafar mutum ɗari uku, bismilla."

Kwana biyu Kuku ya yi zaune da faranti a cinya, yana baza ƙasa da yatsa yana tsincewa. Auta ta zo ta wuce sau da yawa ba ta yi masa magana ba. A rana ta farko ta je da ƙafarta ta sami Baba, suka shiga ofis, suka daɗe, ta fito idonta ja, shi kuma ya wuce kai tsaye ya sauke butarsa daga ƙusa. Mai tsara lambuna buhu ashirin da shida ya samu, ya nemi sauran a wani wuri, bai ƙara dawowa ba. Auta ba ta taɓa ambata wa Kuku wannan ba. Ya so ta ambata.

Kwamin kuwa shi kaɗai ya wanke shi. Ya goge da burushi, ya cika shi da ruwa, ya zubar, ya bar shi ya bushe, ya sunkuya ya lashi simintin. Akwai saura. Ya sake. Sai a wanki na tara harshensa ya ce masa babu, sannan ya kira Baba ya ce a zuba shimfiɗa.

Saura ƙarya ɗaya. Ya tura baronsa har ƙofar gidan abinci, da rana tsaka, mutane cike.

"Malam Kuku, kwana biyu! Awakin sun ƙoshi ne?"

"Ba ni da awaki. Tsutsa nake kiwo, a lambun ƙanwata. Ragowar da kika ba ni ta kashe su, ba laifinki ba ne. In za ki taimaka, ɓawon dankali da ganyen da kike yankewa kafin su shiga tukunya nake so. Wanda gishiri bai taɓa ba."

Ta yi dariya har da riƙe ciki, masu cin abinci suka waiwayo. Ya tsaya ya jira ta gama. Tun daga ranar take tara masa a buhu daban.

Bayan mako uku kwansunan suka fara fashewa, 'ya'ya farare kamar gashin gemu. Shekara guda aka yi kafin kwami na uku ya koma yadda yake.

Yanzu Baba ya daina ɗaukar buta, ƙafa ta ƙi. Auta ta sa masa benci a inuwar rumfa, Kuku ne ke ban ruwan, tsohon yana gyara masa daga zaune. Duron nan har yau Kuku bai saba da warinsa ba, kuma har yau da ludayin masaƙa yake ɗiba. Duk safiya in ya buɗe murfin, Baba sai ya ɗaga murya.

"Kuku, yau me aka dafa wa baƙi?"

"Ruɓaɓɓe, Baba."

"Ya ji gishiri?"

Masu sayen dashe da ba su san labarin ba sukan yi dariya. Kuku ba ya yi. Yakan zuba wa na ɗaya, ya zuba wa na biyu. In ya zo na uku sai ya ajiye ludayin, ya shafa gefen simintin da yatsa, ya kai harshe, sannan ya ɗage buhu.